Wanda magani ya cutar, wa zai biya shi, kuma da wace shaida?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Mu ma'aikatan lafiya ne a nan Yamai, cikinmu akwai masu aikin farmasi, da masu awon jini a labo, da masu jinya. Muna roƙon fili a jaridarka kan wata magana da ba a tayar da ita sai an yi rashi: idan maganin da aka ba mutum, ko jinin da aka ƙara masa, ko allurar da aka yi masa, shi ne ya zo da gurɓata ya cuce shi, me hukuma za ta yi masa? Kuma da me zai nuna cewa daga nan abin ya fito?

Abin ya taɓa cin mu. A 1995, lokacin annobar sanƙarau, an yi wa mutane sama da 50,000 allurar rigakafin jabu a ƙasar nan, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta danganta mutuwar mutum 2,500 da wannan lamari. Kwalaben sun shigo a matsayin gudummawa, ɗauke da sunayen manyan kamfanoni, alhali babu sinadarin rigakafin a ciki. A 2015, sannan a 2019, OMS ta sake fitar da gargaɗi kan rigakafin sanƙarau na jabu da aka gano a Nijar. Ke nan ƙofar da abin ya bi ba ta gama rufuwa ba.

Siron yara shi ne ya fi ba mu tsoro, don haka bari mu tsaya a kansa. Parasitamol ba ya narkewa sosai a ruwa, shi ya sa masu haɗa siro ke narkar da shi a cikin gilisarin ko propylene glycol ko sorbitol. Waɗannan suna da ƴan uwa biyu masu araha da ake amfani da su a masana'antu, irin su ruwan birki da ruwan sanyaya inji: diethylene glycol da ethylene glycol. Ba su da launi, ba su da wani wari, kuma suna da ɗan zaƙi, yaro zai shanye bai ɓata fuska ba. Ganga takan bi hannun dillalai uku ko huɗu kafin ta kai masana'anta, kowa yana kwafar takardar ingancin da na baya ya ba shi, babu wanda ya buɗe ya auna. Ƙa'ida ita ce kada waɗannan gubobi su wuce kashi 0.10 cikin ɗari. Siron Naturcold da OMS ta yi gargaɗi a kansa a Kamaru cikin Yulin 2023 an same shi da kashi 28.6. A Najeriya yara 109 suka mutu a 1990 saboda siron parasitamol, wasu 84 kuma tsakanin 2008 da 2009 saboda maganin fitar haƙori mai suna My Pikin. A Gambiya, a 2022, yara kimanin 70. Idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, ai ka san abin da ake yi wa naka.

Abin da ya sa wannan guba ke wucewa ba a gane ta ba shi ne kamanninta. Yaro ya fara amai, gudawa, ciwon ciki, kasala. Bayan kwana ɗaya zuwa uku fitsari ya ragu, sannan ya tsaya, saboda hanta ta juya gubar zuwa wasu sinadarai masu tsami da ke ƙone ƙoda. A tsakiyar damina, lokacin da kowane gado ke da yara biyu masu masassarar cizon sauro, wa zai zargi kwalba? A Gambiya likitoci sun lura da yawan mutuwar ƙoda tun ƙarshen Yuli, an fara zargin ƙwayar cuta daga ruwan ambaliya, kuma da yake ƙasar ba ta da ɗakin awon da zai gano gubar sai da aka aika samfuri waje. Gargaɗin OMS bai fito ba sai 5 ga Oktoba. An shafe makonni siron na kan kanta ana sayarwa.

To, ga yadda shaida ke salwanta a wurinmu. Uwa ta fito daga CSI, wato cibiyar lafiya ta unguwa ko ƙauye, da karne a hannu, an rubuta sunan magani da yawan cokali, babu lambar lot. Ta sayi siron, kwalin ya zama abin wasan yara, kafin magariba ya shiga murhu. Idan aka yi rashi, a ranar sadakar uku ana share ɗaki, a haɗa ragowar magunguna a zuba a shara, wata kwalbar ma a wanke a zuba man gyaɗa. Nan da mako guda babu abin da ya rage wanda wani labo a duniya zai iya aunawa. Lambar nan da ke gefen kwali, kusa da ranar lalacewa, ita kaɗai ce ke haɗa yaron da tukunyar da aka dafa maganin, da ɗan kasuwar da ya shigo da shi, da sauran yaran da suka sha daga tukunya guda.

Don haka muna kira ga iyaye: duk yaron da ya sha siro sannan ya wuni bai yi fitsari ba, a dakatar da maganin a kai shi likita nan take, a tafi da kwalbar da kwalinta, a nemi a auna kireyatinin, wato awon jini mai nuna aikin ƙoda. A ɗauki hoton lambar lot, da ranar lalacewa, da sunan kamfani da wayar hannu, a ajiye ordonas da rasit. A rufe kwalbar sosai, a sa ta a leda, nesa da rana. Wanda duk zai karɓe ta, ko majo ne ko jami'in bincike, ya ba da takardar karɓa mai kwanan wata da sa hannu. Su kuma hukumomi kada su tsaya kan buɗaɗɗiyar kwalba kawai, domin lauyan kamfani zai ce a gida aka gurɓata ta. A je farmasin a ɗauko rufaffun kwalabe na wannan lot ɗin, a like su gaban shaidu, a raba uku: kashi ɗaya na awo, ɗaya na sake awo a wani labon idan an yi gardama, ɗaya a ajiye. Jinin yaron ma a ɗiba tun ranar farko a daskarar, don gubar tana barin jini cikin ƴan kwanaki, ta bar ɓarnar da ta yi. Awon da ke tabbatar da ita ana yin sa da na'urar gas chromatography, sai dai akwai awon share fage mai sauƙi na thin-layer da OMS ta wallafa, wanda ya kamata a ce labon ƙasa, LANSPEX, na yi wa kowane lot na siron yara kafin hukumar kula da magunguna, ANRP, ta bari ya shiga kasuwa.

Jini kuma nasa ciwon kan daban ne. Kowace leda ana auna ta kan cututtuka huɗu: sida, ciwon hanta nau'in B, nau'in C, da tunjere. Amma awo yana da makantar farko. Wanda ya kamu da sida kwanan nan, awon gaggawa na iya kasa ganinta har zuwa wata uku. Awon labo mai neman antijen da antibodi tare, wato alamar ƙwayar cutar da garkuwar da jiki ya yi mata, yakan gani tsakanin kwana 18 zuwa 45. Awon da ke neman ƙwayar cutar kanta yakan gani daga kwana 10 zuwa 33. Ciwon hanta nau'in C yakan kai wata biyu ko fiye kafin antibodinsa ya bayyana. Ma'ana, ana iya bin kowace ƙa'ida, ma'aikaci bai yi sakaci ko ɗaya ba, leda mai cuta ta wuce. Haɗarin yana ƙaruwa idan jinin dangi ne aka tattaro cikin dare: ƙanen miji da aka taso daga barci, ga iyaye tsaye a bakin ƙofa, ba zai amsa tambayoyin sirri da gaskiya ba. Mai ba da jini don Allah, wanda ke zuwa cibiyar jini ta ƙasa, CNTS, a kai a kai kuma an san awonsa na baya, ya fi aminci nesa ba kusa ba.

Sai gurɓatar da zafi ke kawowa. Ledar jini tana zama tsakanin digiri 2 da 6, har kwana 35 ko 42 gwargwadon ruwan adanawar da ke cikinta. Idan ta fito daga firigo a fara ƙarawa cikin minti 30, a gama cikin awa 4. Wuta ta ɗauke, janareta bai tashi ba, takardar da ake rubuta sanyin firigo safe da yamma an cike ta da ka: nan ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Ledar takan yi duhu kamar ruwan zoɓo mai kauri, ko a ga gudaji. Minti 15 na farko mai jinya ya tsaya a gefen gado. Da zarar an ga makyarkyata, zazzaɓi, ko bugun jini ya faɗi, a tsayar, a riƙe jijiya da ruwan gishiri a sabon tiyo, a mayar da ledar da tsohon tiyonta labo, a ɗibi jini daga ɗaya hannun, a ɗibi fitsari. Abin da aka fi yi shi ne a cire ledar a jefa a bokitin shara a ci gaba da ceton rai. Ceton rai wajibi ne, amma shaidar ta tafi ke nan.

Akwai wata kalma da ke kashe yawancin koke-koken jini: "da ita ya zo." Ciwon hanta nau'in B yana da yawa a ƙasarmu, da dama sun kamu tun suna jarirai ba su sani ba. Idan babu awon da aka yi wa mutum kafin ƙarin jini, babu mai iya rantsuwa ta ina cutar ta shiga. Maganin wannan ba shi da tsada. Dama ana ɗibar jinin marar lafiya don gwada dacewarsa da na leda. A ware mililita 2 na ruwansa a daskarar a digiri 20 ƙasa da sifili, a yi haka ga na mai bayarwa, a rubuta lambar leda a karnen marar lafiya, a kira shi awo bayan wata uku da kuma wata shida. Wannan ya fi zama dole ga yara masu amosanin jini, wato emasi, da masu wankin ƙoda, waɗanda ke karɓar leda bayan leda. Kuma ranar da aka sami wani mai ba da jini da cuta, a bi sawun duk ledojinsa na baya a nemo waɗanda suka karɓa. Ƙasashen Tarayyar Turai suna ajiye irin waɗannan bayanai shekara 30. Rajistar da ke kwance a ƙasan kabad inda gara ke kai ziyara ba za ta kai biyar ba.

Yanzu a ce duk an sami shaidar. Hanyar da ke gaban iyali ita ce kotu, inda za su tabbatar da abu uku: an yi laifi, an cutu, kuma laifin ne ya jawo cutarwar. Manomi daga Bouza ko Keita zai biya kuɗin mota zuwa Tawa, kuɗin lauya, kuɗin ƙwararren da zai rubuta rahoto, alhali duk takardun da yake buƙata suna hannun wanda yake ƙara. Idan kuma makantar awo ce ta jawo, babu mai laifi ma, sai ya koma gida da cutarsa.

Kano ta nuna mana tsawon wannan hanya. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara 200 masu sanƙarau a 1996 ba batun gurɓata ba ne, kuma kamfanin ya tsaya kan cewa sanƙarau ce ta kashe yara 11 da suka rasu. Amma a duba lissafin shekaru: sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dalar Amurka miliyan 75, miliyan 35 daga ciki na asusun waɗanda abin ya shafa, kuma sai a Agustan 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne, bayan an yi musu gwajin ƙwayar halitta don gane su wane ne. Shekara 15. A Birtaniya abin ya fi haka. Daga shekarun 1970 zuwa farkon 1990 mutane sama da 30,000 suka kamu da sida ko ciwon hanta nau'in C ta hanyar jini da maganin Factor VIII na masu cutar rashin daskarewar jini, wanda ake haɗawa daga jinin dubban mutane, har da fursunonin Amurka masu sayar da nasu. Kimanin 3,000 sun mutu. Rahoton kwamitin Sir Brian Langstaff ya fito ranar 20 ga Mayun 2024, ya ce an ɓoye gaskiya kuma an lalata takardu. An fara biyan somin-taɓi na fam 100,000 a Oktoban 2022, gwamnati ta ware fam biliyan 11.8 a kasafin Oktoban 2024, amma mutane da yawa magadansu ne za su karɓa. Barin kashi a ciki bai yi musu maganin yunwa ba.

Faransa, bayan nata abin kunyar na gurɓataccen jini, ta yi abin da ya dace mu ara. Dokar 4 ga Maris 2002 ta kafa ofishin ONIAM mai biyan diyya ko da babu mai laifi, kuma kan ciwon hanta nau'in C ta juya nauyin hujja: mai koke ya kawo abin da ke nuna alama, wanda ya ba da jinin shi zai tabbatar ba daga gare shi ba ne, idan shakka ta rage kuwa mai koke ke cin moriyarta. Wannan ita ce buƙatarmu ta farko ga hukuma. Wanda ke riƙe da rajista shi ya kamata ya ɗauki asarar ɓacewarta. Ranar da ɓatan takarda ya zama kuɗi daga aljihun hukuma, za a ga yadda kabad ke samun kwaɗo.

Sai asusun kansa. Abin da ya fara zama haƙƙin mutum shi ne jinya, tun ranar da likita ya cike takardar zargi, ba tare da jiran sakamakon bincike ba, domin lokaci ba ya jira. Maganin kariya daga sida ana fara shi cikin awa 72 a sha kwana 28. Na ciwon hanta nau'in B ya fi aiki cikin awa 24. Nau'in C yana warkewa ga sama da kashi 95 cikin ɗari da sofosbuvir da daclatasvir na mako 12, kuma Masar, wadda allurar yaƙi da tsargiya ta yaɗa wa jama'arta wannan cuta a shekarun baya, ta nuna gwamnati na iya ɗaukar awon da maganin a wuyanta har ta ci ƙarfinta. Yaron da ƙodarsa ta tsaya yana buƙatar wankin ƙoda cikin sa'o'i, da motar da za ta kai shi, da abincin mai jinyarsa a garin da ba shi da kowa. Waɗannan ƙananan kuɗaɗen su ne ke sa a sayar da akuya, sannan gona.

Bayan jinya, a ba da wani kaso na wucin gadi cikin kwana 30, a yanke hukuncin ƙarshe cikin wata shida. Kada a bar adadin ga ciniki, don mai baki zai samu, marar baki ya tashi a tutar babu. Muna da abin koyi a gida: dokar inshora ta CIMA tana lissafa diyyar haɗarin mota da ma'auni sananne, wanda aka ɗora kan mafi ƙarancin albashi da yawan nakasar da likita ya auna. A yi irinsa nan, da layi na mutuwa, na nakasa ta dindindin, na asarar sana'a, da na wanda ya bar aikinsa don jinya. A ƙara layin da Turawa ma sai daga baya suka tuna da shi: matar da aka saka saboda an same ta da sida bayan ƙarin jini wajen haihuwa ta yi asarar da ba ta cikin jiki kaɗai. Saboda irinta ne ya kamata a biya ta hanyar da ba za ta tona asiri ba, ban da taron miƙa ambulan gaban kyamara.

Daga ina kuɗin? Amurka, a ƙarƙashin dokarta ta 1986, tana cike asusun diyyar rigakafi da harajin santi 75 kan kowace cutar da allura guda ke karewa. Shirin COVAX na rabon rigakafin korona ya buɗe irin wannan asusu a 2021 ga ƙasashe 92, Nijar na ciki, da ɗan abin da aka ɗora kan kowace allurar korona. Mu ma ana iya ɗora ƙaramin kaso kan magungunan da ake shigowa da su, a wajabta wa kowane mai shigo da magani inshorar da za ta biya idan kayansa sun yi ɓarna. Asusu ya biya iyali tukuna, sannan gwamnati, mai lauyoyi da ƙarfin jira, ta bi ɗan kasuwa da kamfani ta karɓo. Kwamitin da zai duba koke ya haɗa likita, ɗan farmasi, alƙali da wakilin marasa lafiya, kada ya zauna ƙarƙashin wanda ake kuka da shi, kuma a sami teburin karɓar koke a kowace jiha, inda za a saurari mutum da Hausa ko Zabarmanci ko Tamashek a rubuta masa.

Za a tambaye mu game da wanda ya sayi maganinsa a tire ko a tebur bakin kasuwa. Ra'ayinmu shi ne jinya ta kowa ce, domin yaro ɗan shekara biyu bai zaɓi inda aka sayo masa siro ba, kuma idan aka ce sai mai rasit, iyaye za su ɓoye kwalbar, mu rasa gano lot ɗin da ke kashe wasu. Cikakkiyar diyya kuwa a iya taƙaita ta ga abin da ya bi ta CSI, asibiti ko farmasi mai lasisi, inda hukuma ta sa hatiminta ta ce a sha.

Za kuma a ce ƙaddara ce, kuma karɓar kuɗi kan rai abin kunya ne. Mun yi imani da ƙaddara. Amma aya ta 92 cikin Suratun Nisa'i ta ajiye diyya ga iyalan wanda aka kashe bisa kuskure, sai idan su suka yafe. Yafiya tasu ce, babu wanda zai yafe a madadinsu ta hanyar ƙin gaya musu abin da ya faru. Malamanmu za su taimaka ƙwarai idan suka bayyana wannan a wa'azi.

Duk wannan ba zai tashi ba muddin mai jinyar da ya kai rahoto shi ne na farko da za a kira ofis. Wanda ya san cike takardar zargi na iya jawo masa canjin wurin aiki zuwa ƙauyen da babu ruwa zai rubuta "masassara mai tsanani" ya rufe rajista. Ya kamata dokar da za a yi ta kare mai rahoto cikin gaskiya, ta hukunta mai ɓoyewa.

Asusu na buƙatar doka da kasafi, mun san ba aikin kwana ɗaya ba ne. Amma akwai abin da takarda guda daga ministan kiwon lafiya za ta iya tsayarwa cikin watan nan: a ƙara gurbin lambar lot a rajistar kowane CSI da kowace farmasi, a rubuta lambar ledar jini a karnen duk wanda aka ƙara wa, a hana jefar da ledar da ta tayar wa marar lafiya, kuma kowace cibiyar jini ta jiha ta sami firigon daskarar da samfuri mai aiki da hasken rana, tare da mutum guda da aka san shi ke riƙe da makullinsa.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah ya ƙara basira.

Wasu ma'aikatan lafiya,
Yamai